Yadda Mai Sifana Ya Ja wa Kwamfuta Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, don mutumin da zan ba ku labarinsa ba ya son a saurare shi a tsaye.

An yi wani mai gyaran famfo, ana ce masa Mai Sifana, saboda ko duba mara lafiya zai je, sifanarsa na cikin aljihu tana rinjayar masa da riga gefe guda. Aikin famfo kam ya iya, ba za mu ci haƙƙinsa ba. Cutarsa ɗaya ce: bai yarda akwai wani ilimi a duniya da ba reshen famfo ba ne. Likita a wurinsa mai gyaran famfon jiki ne, makanike kuma mai gyaran famfon mota, sai dai duk sun ƙi amsa sunan saboda girman kai.

A zamanin samartakarsa ya yi aiki a wata babbar ma'aikata, kuma an taɓa kiransa ɗakin kwamfutarsu ya ɗaure wani bututu da ke ɗiga. Zamansa a ɗakin bai kai na shan kofin shayi ba, amma daga wannan shiga ya fito da tarihin kwamfuta kaf a kansa. Kullum a bencin mai aski yake karantar da shi, ko da ɗalibai ko babu. Yakan ce kakar kwamfutoci ɗaki guda take cikawa, jere kamar manyan durowoyi, ga sanyi mai sa haƙora kaɗawa, kuma ta bututu take shan ruwa don kada ta ƙone. Daga baya aka haifi 'ya'yanta masu ƙusumbi a baya, waɗanda ke zama kan tebur suna haɗiyar faifai mai kama da ambulan. In ɗaya za ta yi magana da 'yar'uwarta ta wani gari, sai ta ari layin tarho ta yi ta kururuwa kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, kuma da wani ya ɗaga tarho a ɗaya ɗakin zance ya yanke. Haka suka yi ta ramewa, in ji shi, har suka shige aljihun yaran yanzu, suka zama abin raini.

"Duk a gabana aka yi," yakan ce.

Mai aski yakan amsa ba tare da ya ɗaga kai daga ƙeyar da yake kankarewa ba. "A gabanka, ko a bayan bangon da kake fasawa?"

Mai Sifana yana da ƙanwa, kowa Malama yake ce mata. Ta yi shekaru tana koyar da kwamfuta a wani shago mai faɗi, tsakanin shagon mai askin nan da na wani tela. Burinta ɗaya ne, hukumar jarrabawa ta amince ɗalibai su riƙa zana jarrabawa a ɗakinta. Sau ɗaya a shekara hukumar ke aiko mai dubawa. In aka faɗi, sai baɗi, kuma kafin baɗin iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun kai wata cibiyar da ke can ƙarshen gari. Don haka ta kira injiniya na gaske, ya jera kwamfutoci, ya ja wa kowace waya zuwa wani akwati mai fitilu da ke rarraba layi, ya haɗa akwatin da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi, wadda ake kira uwar garke. Ya gwada komai ya ga lafiya, sannan ya tafi wani aiki a wani ƙauye inda waya ba ta shiga sai an hau tudu.

Saura abu ɗaya. Famfon banɗaki na ɗiga, kuma an ce mai dubawa har banɗaki takan leƙa. Malama kuwa za ta tafi taron masu cibiyoyi a ofishin hukumar, daga can za su taho tare da jami'ar da za ta yi dubawar. Sai ta miƙa wa yayanta makulli, hannunta yana ɗan nauyi.

"Yaya, banɗaki kawai. Ƙofar hagu."

"Ke, ni za ki koya wa hagu da dama? Ni fa na goya ki."

Ya gyara famfon kafin motarta ta fita daga tasha. Da a nan ya tsaya, da ba ku ji labarinsa ba. Amma ƙofar dama a buɗe take, kuma karambani ba ya tambayar hanya.

Abin da ya gani ya sa ya dafe ƙirji. Ya fita ya jawo mai aski da tela su zo su zama shaida. Ya nuna musu uwar garke a ƙasa kusa da tebur, ya tambaye su ko a tarihin duniya sun taɓa ganin an ajiye tanki a ƙasa, famfuna suna sama. Ta yaya tambayoyi za su hau tudu su isa kwamfutocin yara? Ya nuna musu wayoyin da aka naɗe a bayan tebur, ya ce ko ruwan kogi aka bi da shi ta wannan lanƙwasa sai ya isa a gajiye. Ya zagaya bayan uwar garken ya ga ƙananan huji jere, iska na fita, ya yi salati. Tanki mai huji. Ya ce yaron nan da ke kiran kansa injiniya ya cuci marainiya, amma Allah ya sa tana da wa.

Tela mutum ne mai sanyin hali, kuma yana cikin ɗaliban Malama na yamma, ya kai matsayin rubuta sunansa da yatsa biyu. Ya ce a hankali, shi dai jiya ya ga komai na aiki.

Mai Sifana ya ce ai rijiya ma tana aiki, amma wanda ya san famfo ba ya yaba guga.

Nan take ya ari tsanin mai aski, ya buɗe ƙofar silin, ya ɗaura wa uwar garke igiya. Tela na turawa daga ƙasa, shi yana ja daga sama, mai aski na tsaye yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Sai da ta bugi bango, ta bugi goshin tela, sannan ta shige. Ya girke ta kan katako a ƙarƙashin kwanon rufi, ya warware wayar da aka naɗe ya miƙar da ita sambal, ya ce yanzu ilimi zai gangaro da kansa ko ba wuta. Hujin bayanta kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da tef, har da wanda fanka ke hurawa.

Da ya sauko sai idonsa ya faɗa kan akwatin rarraba layi. Kowane rami da wayarsa, sai biyu a ƙarshe da injiniya ya bari a buɗe saboda gaba. Mai Sifana ya kara tafin hannu a bakinsu, ya ce yana jin yadda netwok ke tsiyaya. Ya tona kwalin da injiniya ya bari, ya samo guntuwar waya, ya cusa kanta ɗaya a ramin farko, ɗaya kan a na biyu.

To, ku da kuka san abin, kun san me ya yi. Akwatin nan in saƙo ya shigo masa yana neman mai shi, turawa yake ta kowace ƙofa. Yanzu kuwa abin da ya fita ta wannan rami sai ya dawo ta wancan, akwatin ya ɗauka baƙo ne, ya sake tura shi, ya sake dawowa, kamar gulma a gidan haya. Kafin ƙiftawar ido hanya ta cushe. Fitilun da ɗazu ke ƙyaftawa cikin natsuwa suka kama rawa gaba ɗaya kamar an watsa musu barkono.

Mai Sifana ya ja da baya, ya rungume hannu. Ya ce su dubi yadda ƙarfi ya zo.

Aka sa tela ya buɗe shafin gwaji a kwamfuta ɗaya. Wata 'yar da'ira ta fito tsakiyar allo tana juyawa. Suka jira. Tana juyawa. Mai aski ya je ya aske mutum ya dawo, tana nan tana juyawa. Mai Sifana ya ce bututu sabo sai ya cika kafin ya kawo.

Mai aski, da ya gaji da tsayuwa, ya matsa kusa da akwatin yana bin guntuwar wayar da yatsa. Ya ce shi fa bai yi boko mai zurfi ba, amma bai taɓa ganin hanyar da ta tashi daga gida ta sauka a gidan ba. Yana faɗa yana zare kanta ɗaya don ya duba. Daidai lokacin kuma Mai Sifana ya ɗaga sifana ya ƙwanƙwasa wa akwatin a ka. Sai ga shafi ya buɗe tar.

"Kun gani? Bugu ɗaya. Sanin inda za a buga shi ne aikin."

Sannan ya hango wayar a hannun mai aski. Ya fizge ta, ya ce wa ya aike shi, yana so ɗan abin da aka tara ya zube ne? Ya mayar da ita raminta. Da'ira ta dawo. Ya sake ƙwanƙwasawa, shiru. Ya ƙara ƙarfi, shiru. Bai daina ba sai da murfin akwatin ya lotsa.

Tela ya yi gyaran murya, ya ce shi a ganinsa, ba wai ya sani ba ne, kamar lokacin da wayar ke waje ne abin ya yi.

Mai Sifana ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mai famfo ya shigo shagonsa ya ce ga inda za a sa aljihu. Tela ya ce a'a. To, in ji shi, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Rana ta take, kwano ya ɗau zafi. Daga cikin silin aka fara jin gurnani, fankar uwar garke na neman iska ta ƙofar da aka liƙe. Gurnanin ya koma kuka, kukan ya koma shiru. Mai Sifana ya hau ya taɓa ta, ya sauko yana yarfe hannu, amma fuskarsa cike da murna kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce yanzu ya gane ciwon. Ƙishirwa ce. Kakanninta da ruwa aka raine su, ita kuwa an hana ta gadonta. Kuma a duk faɗin garin nan wa ya taɓa ba kwamfuta ruwa da hannunsa in ba shi ba?

Washegari ya zo da tiyo a kafaɗa. Bututun da ya fi kusa shi ne wanda ke bi ta cikin silin ya kai ruwa shagon mai aski, don haka ya yanke shi ya ɗaura nasa. Ya naɗe uwar garke da tiyo tun daga wuya har ƙugu, ya bi shi da allurar da ya ara wurin tela yana hudawa, don ya riƙa gumi a jikinta yadda randa ke sanyaya ruwa. Ya buɗe ya gwada na ɗan lokaci, ya ga yana tsattsafowa yadda yake so, ya rufe. Ya ce sauran sai gaban hukuma.

Yana saukowa ya tarar da mai aski a ƙofa, bayansa wani mutum mai ƙiba da kumfa a rabin fuska. Mai aski ya ce famfonsa ya ƙafe, ko malam masanin tarihi ya san inda ruwan ya shiga?

Mai Sifana ya ce ruwan na aikin ilimi, kuma al'ummar da ta fifita gemu a kan ilimi ba za ta ci gaba ba.

Mai kumfa ya ce shi bai ƙi ilimi ba, amma yana da taro, kuma da rabin fuska ba a zama a gaba. Tela ya ce a yi haƙuri, ya kawo butarsa. A haka aka rabu, mai aski na cewa zai jira Malama, Mai Sifana na cewa shi ma ita yake jira, don a gabanta za a san wanda ya yi wa unguwa aiki.

Ranar dubawa ɗalibai suka zo da wuri cikin wankakkun kaya, kowa ya zauna gaban kwamfutarsa don jarrabawar gwaji. Iyaye suka tsaya a baranda. Labarin ruwan ya riga ya zaga, don haka masu shaguna ma suka rufe suka zo, tagogi suka cika da kawuna. Mai Sifana ya sa babbar riga, ya goge sifanarsa har tana ƙyalli.

Malama ta iso tare da jami'ar, wata dattijuwa mai tabarau da 'yar jaka, irin mutanen da ba sa ɗaga murya saboda ba su taɓa buƙata ba. Malama na cikin yi mata bayanin yawan kujeru idonta ya sauka inda uwar garke take zama. Babu komai sai shatar ƙafafunta.

"Yaya, ina uwar garke?"

Ya ɗaga yatsa sama.

Ta bi yatsan da kallo, ta ga waya ta shige silin, ta ga wani tabo mai danshi ya zagaye wurin. Ta dafa bango. Mai Sifana ya ɗauka daɗi ne ya kama ta, ya ce kada ta damu da godiya, ai jini ɗaya ne.

Jami'ar ta ce a buɗe shafi. Ɗalibai suka danna. Da'ira ta fito a kowane allo, jere reras, duk suna juyawa tare kamar sun yi shawara. Jami'ar ta dubi agogonta, ta dubi Malama, ta tambaya wa ke kula da na'urorin nan.

Kafin Malama ta amsa, yayanta ya riga ya shiga tsakani. Ya gai da jami'ar da Hajiya, ya ce ta kwantar da hankalinta, ta faɗo hannun wanda ya san kwamfuta tun tana cika ɗaki. Ya fara daga kaka mai shan ruwa, ya biyo ta kan masu ƙusumbi, har ya kwaikwayi kukan layin tarho da bakinsa, yara suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Jami'ar ta bari ya kai aya, sannan ta ce ta gode, amma ita tambayoyi take son gani a allo.

Ya ce ƙaramin abu ne, iska ce ta shiga layi, da ya buɗe ruwa za ta fita.

"Wane ruwa?" in ji Malama.

"Yaya, don girman Allah," ta ƙara, amma ya riga ya kai tsakiyar tsani, babbar riga na binsa.

Daga ƙasa aka ji takunsa, aka ji ƙarar sifana, aka ji ruwa ya taho da ƙarfinsa, don tankin da ke ba mai aski ruwa ya cika maƙil tun da aka hana shi sha. Muryarsa ta sauko tana tambaya ko ya buɗe. Tela ya leƙa allo ya ce tana juyawa. Ya ƙara murɗawa. Mai aski ya ce a taga, ga wanda ke kusa da shi, shi dai a sana'arsa in aka yi kuskure gashi na sake tsirowa.

Silin da ya kwana yana shan ruwan gwaji ya fara kumbura. Ya yi ciki, cikin ya girma, ya soma ɗiga kan teburin gaba. Wata uwa ta miƙa hannu ta taga ta janye 'yarta. Malama ta ce kowa ya tashi, ɗalibai suka yi baya da kujerunsu. Shi kuwa a sama, da ya ji hayaniya, ya ɗauka tafi ake shirin yi. Ya ɗaga ƙafa daga kan katako don ya leƙo ya karɓi gaisuwa, ya taka silin.

Ƙafafunsa ne suka fara isowa, sannan ruwa, sannan uwar garke. Ita ba ta kai ƙasa ba, ta tsaya tana lilo a jikin wayarta, naɗe da tiyo, tana feshi ta ko'ina kamar mai ban ruwan fure. Nauyinta ya fizgo akwatin rarraba layi daga bango. Wani abu ya yi tartsatsi, wuta ta ɗauke, allunan duka suka yi baƙi. Shi kuma ya maƙale a hammata, rabinsa a sama, rabinsa a cikin ɗakin jarrabawa, babbar riga ta tattare a wuya, takalmi ɗaya ya faɗo kan madannai.

Ruwa ya ci gaba da zuba. Daga cikin silin murya ta fito, a shaƙe amma ba ta karaya ba.

"Ku lura dai, haɗina bai ɓalle ba. Silin ne na zamani."

A nan baranda ta fashe da dariya. Mutumin nan mai taro, wanda ya dawo a ƙarasa masa gyaran fuska, sai da aka riƙe shi.

Jami'ar ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafinta da bai jiƙe ba, ta mayar. Ta juya wurin Malama, ta yi magana a hankali yadda ba kowa zai ji ba. Ta ce ta ga alamar an yi aiki mai kyau a ɗakin nan kafin a gyara shi, amma ita abin da ta tarar take rubutawa. Bana kam babu. Ta sake nema baɗi.

Malama ta gyaɗa kai. Ta dubi baranda, ta ga iyaye sun fara kama hannun 'ya'yansu, wasu na tambayar junansu motar da ke zuwa ƙarshen gari. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta je ta tsaya ƙarƙashin ƙafafun yayanta, ta sa hannu a aljihun wandonsa, ta zare makullinta.

Jami'ar ta matso ita ma, ta ɗaga kai, ta ce tana son cikakken sunan wanda ya yi wannan aiki. Ƙafafun suka daina wutsil-wutsil. Ya faɗi sunansa, ya faɗi na mahaifinsa, ya ƙara da laƙabi, ya tambaya ko za a buƙaci hoto. Ta ce ƙwarai kuwa, ta ɗaga wayarta ta ɗauka, sannan ta ce in an sauko da shi a tsayar mata da shi a haske ta ɗauki na sama.

Shekarar nan Malama ta yi ta ne da kujeru fiye da ɗalibai. Mai Sifana kuwa ya koma bencin mai aski, don mai aski ya ce gara ya riƙa ganinsa da ya riƙa jin motsinsa a silin. Tarihin kwamfuta ya samu sabon babi. Yanzu yakan ce babu cibiyar jarrabawa a ƙasar nan da ba ta san shi ba, hukuma da kanta ta raba musu hotonsa, kuma ko ƙofar wacce ya nufa, tun daga nesa maigadi ke miƙewa tsaye.

Wannan karon kuwa bai ƙara ko gishiri ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Tatsuniya ta koma inda ta fito, ku kuma kowa ya riƙe makullinsa.